Hanyar Timiya

Timiya ƙauye ne a tsakiyar duwatsun Abzin, cikin jihar Agadas. Mutanensa Abzinawa ne. Wasu makiyaya ne, wasu masu garka, wasu kuma 'yan ayari da ke kai raƙuma Bilma ɗauko gishiri da dabino.

Allah ya hore wa Timiya ruwa a ƙarƙashin ƙasa. Shi ya sa garakenta ke ba da lemu, rumman, dabino, albasa, tafarnuwa da alkama. A da, raƙumi ko sa ke jawo ruwa daga rijiya. Yanzu da yawa sun koma ga inji. Amfanin gona ya ƙaru, har ya fi ƙarfin cin gida. To, ina kasuwa?

Kasuwa tana Agadas da Arlit. Daga Timiya zuwa Agadas ya fi kilomita 200, kuma mafi yawan hanyar ba kwalta. Duwatsu ne da rairayi da kwaruruka. Babbar mota sai ta wuni tana fama. Da damina, in ruwa ya sauko daga duwatsu, kwari ya cika, sai direba ya kashe mota ya jira. Albasa da tafarnuwa suna iya haƙuri. Tumatir da lemun da ya nuna kuwa, kwana biyu cikin rana ya ishe su lalacewa, wahalar wata da watanni ta tafi a banza.

A nan jihar akwai hanyar kwalta, amma ba don ƙauyuka aka yi ta ba. An kafa garin Arlit a 1969 saboda uraniyum. Kamfanin SOMAIR ya fara haƙa a 1971, COMINAK kuma a Akokan a 1978. Don fitar da wannan ƙarfe aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Agadas har Arlit, tsakanin 1976 da 1980. Tsawonta ya wuce kilomita 600. Ta bi ta fili, yamma da duwatsu, ta bar Timiya da Iferwan can gefe. Ita ma dai shekaru sun ci ta.

Me ya sa mota ke wuyar samu a ƙauye irin wannan? Amsar tana cikin yawan jama'a. A ƙidayar 2012, ƙaramar hukumar Arlit tana da mutum kusan 80,000, galibinsu wuri ɗaya. Ta Timiya tana da wajen 19,000, su ma a warwatse cikin kwaruruka da zangon makiyaya. Mai mota ɗan lissafi ne. Yana duba kuɗin mai, yana duba tayar da dutse zai fasa, sannan ya ƙirga fasinja. In ba su cika ba, ba ya tashi. In ya tashi, kuɗin mota ya yi tsada. Buhun hatsin da aka kawo ya hau, buhun albasar da za a fitar ya faɗi, don dillali ya san mai garka ba shi da wata mota gobe.

Abin ya fi ciwo wajen rashin lafiya. Akwai gidan likita a Timiya, amma macen da haihuwa ta gardame mata, wadda sai an yi mata aiki, dole a nufi birni da ita a kan wannan hanya.

Masu garka sun ga cewa mutum ɗaya ba ya cika mota. Sai suka haɗu ƙungiya ƙungiya. Suna tara kayansu rana ɗaya, su yi hayar mota ɗaya, su raba kuɗin gwargwadon buhunan kowa. In za ta komo, ta zo musu da gero, sukari, shayi da man inji.

A 2021 COMINAK ya rufe, ma'aikata da dama suka rasa aiki. Cikinsu akwai masu sayen lemun Timiya a kasuwar Akokan.

Tambayoyi
1. Don me aka yi hanyar Tawa zuwa Arlit?
2. Me mai mota ke lissafawa kafin ya tashi?
3. Kilomita nawa ne daga ƙauyenku zuwa kwalta? Wace rana mota ke zuwa?