Kusa da Noti a Tsohon Babur

A gidaje da yawa na Ruwan Godiya da ƙauyukan Faskari akwai tsohon babur jingine a zaure, kamar Honda Benly ko Yamaha, wani lokaci har BSA ta Ingila da wani kaka ya bari. Mai son tada irin wannan babur yakan fara da neman taya da fulogi. A ganina kamata ya yi ya fara da kusoshi da notuna, domin su ne ke riƙe da komai.

Ku dubi jikin kusar inji, za ku ga zane ya nannaɗe ta kamar haƙora. Shi makanikai ke kira tiredi. Abu biyu ake aunawa a nan: kaurin kusar, da tazarar da ke tsakanin haƙori da haƙori.

Baburan Ingila na da, irin su BSA da Triumph, da inci aka auna su. Wani Bature, Joseph Whitworth, shi ya tsara ma'aunin haƙoran kusa a 1841, daga baya aka ƙaro wasu masu ƙananan haƙora. Baburan Japan kuwa da milimita suke. Idan an ce M6, ana nufin kusa mai kaurin milimita 6, tazarar haƙoranta milimita 1. Ita M8 tazararta 1.25 ce.

To, ga inda ake yin ɓarna. Akwai kusar Ingila mai kaurin kwatan inci, wato milimita 6.35, mai haƙora 26 a kowane inci. Ita kuwa M6 haƙoranta 25 ne da ɗan ɗoriya a inci. A ido kamar an tsaga kara. Idan aka sa M6 a ramin ta Ingila, za ta shiga, amma tana lilo, kuma ba ta kama sosai ba. Mai gaggawa sai ya ɗauko sifana ya ƙara ƙarfi. Kusar ƙarfe ce, jikin injin kuwa yawanci alminiyam ne mai taushi, saboda haka ramin ne zai cinye, ba kusar ba. An ɓata murfin inji kenan a kan kusa ɗaya, ga shi samun irinsa ko a Funtuwa aiki ne. In kuma a birki aka yi wannan haɗe-haɗe, girgizar hanyar burji na iya kwance shi ana cikin tafiya.

Su kansu baburan Japan ba duka suke ɗaya ba. A 1967 kamfanoninsu suka sauya tazarar ƙananan sukurori don ta dace da ta sauran duniya: M5 ta koma 0.8 daga 0.9, M4 ta koma 0.7 daga 0.75. Sababbin sukan zo da ɗan ɗigo a kai. Haka kuma a baburan Yamaha da yawa madubin dama tiredinsa na hagu ne, kamar fedar hagu ta keke. Wanda bai sani ba yana neman kwancewa, ashe ɗaurewa yake ƙarawa.

Dabarar ba ta da tsada. A tafi kasuwa da tsohuwar kusar, a haɗa haƙoranta da na sabuwa, a ɗaga su saitin rana. In haske ya ratsa tsakaninsu, ba 'yan gida ɗaya ba ne. Wajen ɗaurawa kuma a fara juyawa da yatsu zagaye uku ko huɗu. In ta tafi sumul, sannan a ɗauko sifana.