Kyankyaso, Ɓera da Kuɗin Cizo: Abin Yi Kafin Ki Kira Mai Feshi

Idan kin kunna fitilar kicin da tsakar dare kin ga kyankyasai na watsewa, ko yara sun tashi da cizo a jere a wuya da hannu, abin da zai fara zuwa miki shi ne a sayo magani a fesa. Dakata tukuna. Feshi shi ne mataki na ƙarshe. Idan aka fara da shi, waɗanda ke yawo a fili kawai ake kashewa, a bar ƙwai da maɓoya da abincin da ya jawo su. Bayan mako biyu sai su dawo, kuɗinki kuma ya tafi. Ga yadda za ki bi abin daki-daki.

1. Fara gane wanda ya shigo miki gida.

Yau da daddare ki ɗauki tocila ki zaga. Ki haska bayan firji, ƙarƙashin wurin wanke-wanke, lungunan kabad, da ɗinkin katifa. Kashin ɓera baƙi ne, dogo kamar ƙwayar shinkafa. Na ƙananan kyankyasai ɗigo-ɗigo ne a kusurwar durowa. Kuɗin cizo yana barin baƙaƙen ɗigo a gefen katifa da tabon jini a zanin gado. Gara kuwa tana gina siririyar hanyar ƙasa a jikin bango, ta nufi katakon rufi. Ki ɗauki hoton duk abin da kika gani a wayarki. Kowanne da maganinsa, kuma mai feshin kirki zai so ganin hotunan.

2. Yanke musu abinci da ruwa.

Hausawa sun ce in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Gobe da safe ki juye shinkafa, gari, wake, gero da sukari daga buhu da leda zuwa bokiti ko roba mai murfi. Buhun da ba zai juyu ba a ɗora shi kan katako, a janye shi daga jikin bango. Kwanuka kada su kwana da sauran abinci, shara kada ta kwana a kicin.

Ruwa ma haka. Kyankyaso yana jure yunwa fiye da ƙishirwa, don haka famfon da ke ɗiga ya ishe shi zama a gidanki. A kira mai gyara. Tsofaffin tayoyi, gwangwanaye da fasassun robobin da ke tara ruwa a tsakar gida kuma a fitar da su, domin nan sauro ke ƙyanƙyasa, musamman da damina. Kwalayen da kike ajiyewa don wata rana, ki rabu da su. Babu maɓoyar da kyankyaso ke so kamar kwali.

3. Toshe hanyoyin shigowa.

Ƙaramin ɓera yana ratsa ramin da bai fi kaurin fensir ba. Ki duba inda bututun ruwa ya huda bango, ƙasan ƙofa, da kusurwar silin. A cusa soson ƙarfe a ramin, a bi da siminti. Tsumma da takarda ba sa tare ɓera, sheƙa ma zai yi da su. Manyan jajayen kyankyasai daga sokawe da masai da kwata suke fitowa. A gyara murfin sokawe idan ya tsage, a ɗaure raga a bakin bututun iskarsa, a riƙa rufe magudanar banɗaki da daddare.

4. Kyankyaso: maganin ci ya fi na fesawa.

Ƙananan nan masu launin ƙasa-ƙasa da ke zama a kicin su ne masu taurin kai. Mace ɗaya tana ɗauke da jakar ƙwai mai ƙwai 30 zuwa 40, kuma feshi ba ya ratsa jakar. Ki nemi maganin da ake matsawa daga sirinji, wanda suke ci su koma maɓoya su mutu, 'yan uwansu su ci gawar su ma su bi. Ɗigo ƙanana ake sawa a wurare da yawa: mahaɗar ƙofar kabad, bayan firji, ƙarƙashin teburin girki, inda hannun yara ba ya kaiwa. Kada ki fesa komai kusa da shi, ƙaurin feshin zai kore su daga ci. Ki ba shi mako ɗaya zuwa biyu. Idan akwai mai asma a gidan, kada ki yi wasa da kyankyaso, domin kashinsa da saɓarsa suna tayar da ciwon.

5. Ɓera ba ɓarna kaɗai yake yi ba.

Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera yake shiga abinci. Ya fi ƙamari da rani, kuma Bauchi da Taraba da Edo da Ondo suna cikin jihohin da ya fi addaba. Don haka a daina shanya hatsi da garin rogo a ƙasa a bar su su kwana a buɗe. Abincin da ɓera ya taɓa a zubar, kada a ce a yanke wurin a ci saura.

Tarko ya fi guba a gidan da ke da yara, kaji ko kyanwa. Ki ɗana shi a jikin bango, domin ɓera gefe-gefe yake bi, ki sa ƙuli-ƙuli ko busasshen kifi. Ki ɗana da yawa a dare ɗaya. Guba kuwa, ban da haɗarinta, sau da yawa ɓeran cikin silin yake zuwa ya mutu, wari ya hana ku sakat. Idan za ki ɗauke mataccen ɓera, ki sa safar hannu ko leda, ki yayyafa ruwan bilic a kansa da kan kashin, ki jira ya jiƙa kafin ki kwashe. Kada ki share busasshen kashin ɓera da tsintsiya, ƙurar za ki shaƙa.

6. Kuɗin cizo: zafi da haƙuri.

Ki cire kunya daga ranki, kuɗin cizo ba alamar ƙazanta ba ne. Jini yake nema, kuma a jaka yake shigowa: akwatin ɗalibin da ya dawo daga makarantar kwana, kayan gwanjo, tsohuwar kujera ko gadon hannu, masaukin da aka kwana a tafiya. Yana iya yin watanni bai ci komai ba, shi ya sa ƙaurace wa ɗaki na mako biyu ba ya kashe shi. Komawa kwana a falo ma jawo shi falon ne.

Zafi ne babban maganinsa. Ki tattara zannuwan gado, rigunan filo, labule da tufafi a manyan ledoji, ki ƙulle bakinsu a cikin ɗakin kafin ki fita da su. A wanke da ruwa mai zafi sosai, digiri 60 ko fiye, a shanya a rana, a bi da dutsen guga, musamman kan ɗinki. Abin da ba ya wankuwa a zuba a baƙar leda, kada a cika ta, a ajiye a tsakiyar rana wuni guda ana juyawa. Ranar Maris da Afrilu tana wannan aikin sosai. Katifa mai kauri kuwa rana ba ta ratsa ta, ƙwarin can ƙasa inda ke da sanyi suke komawa, don haka shanya kaɗai ba ta isa ba. A kwance gadon, a kwarara tafasasshen ruwa a mahaɗar katako ko ƙarfe, a goge ɗinkin katifa da burushi, a janye gadon daga bango.

Ƙwan kuɗin cizo yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10. Duk abin da kika yi yau sai kin maimaita bayan kamar mako biyu. Kuma duk lokacin da ɗalibi ya dawo hutu, a buɗe akwatinsa a tsakar gida, kayan su wuce wanki kafin su shiga ɗaki.

7. Abubuwa biyu da ba za su shiga ɗakin kwana ba.

Na farko Sniper da fiya-fiya. Sinadarin da ke cikinsu, DDVP, na gona ne, yana shiga jiki ta numfashi da ta fata. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da shaguna, amma har yau ana yayyafa shi a katifa, wasu har a kan yara saboda kwarkwata. Don Allah kada ki yi.

Na biyu ƙwayoyin nan masu launin toka da ake sa wa hatsi a rumbu da buhu, irin su Phostoxin. Da sun sha laima sai su saki iska mai guba wadda ke ratsa silin da ƙasan ƙofa har ɗakin maƙwabta, kuma babu maganin da ke karya ta. An sha rasa 'yan gida ɗaya a dare guda ta wannan hanyar. Duk wanda ya ce zai sa miki su a ɗaki don kuɗin cizo ko ɓera, ki sallame shi nan take, komai arhar aikinsa.

8. Lokacin da ya kamata ki kira ƙwararre.

Ki kira idan kin ga gara a katakon rufi ko ƙofa. Goge hanyarta daga bango ba ya taɓa gidanta da ke ƙarƙashin ƙasa, sai an zuba magani a gindin ginin. Idan gini kuke yi yanzu, a yi maganin ƙasar tun a harsashi, a shafe katakon rufi kafin a ɗora kwano, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ki kira kuma idan kuɗin cizo ya wuce ɗaki ɗaya, ko kyankyasai na yawo da rana tsaka, ko kin yi wata guda kina bin matakan nan abin bai ragu ba.

A gidan haya, ki fara magana da maƙwabta da mai gida. Idan ɗakinki kaɗai aka fesa, ƙwarin za su tsallaka na kusa su dawo. A haɗa kuɗi a yi gaba ɗaya, har da sokawe da kwata.

9. Yadda za ki tantance mai feshi.

Ba duk mai goye da tankin feshi ne ƙwararre ba. A Nijeriya hukumar EHCON, mai kula da aikin duba-gari, ita ke ba kamfanonin feshi lasisi. Ki nemi ganin lasisin, ko ki tambayi ofishin duba-gari na ƙaramar hukumarku wanda suka sani. Ki kuma tambayi wadda ya taɓa yi wa aiki, ba washegarin feshin ba, bayan wata biyu: sun dawo ko ba su dawo ba?

Wanda ya yanke miki farashi ta waya bai ga gidan ba, ki bar shi. Na kirki zai zo ya duba, ya ɗaga katifa, ya leƙa silin, ya ce miki ga abin da za ki gyara. Sai ki yi masa tambayoyin nan. Wane magani zai yi amfani da shi? Ya nuna miki kwalbar ta asali, da lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Haɗin da aka zo da shi a gorar ruwa babu suna, kada ki karɓa. Awa nawa za ku yi a waje? Zuwa na biyu yana cikin kuɗin? Idan sun dawo cikin wata guda, zai sake yi kyauta? A rubuta duk wannan a takarda da sunan maganin. Ki ba da kafin alƙalami, ki riƙe ciko sai bayan zuwa na biyu.

Ki lura da shigarsa ma. Wanda ya zo babu takunkumi babu safar hannu bai damu da huhunsa ba, balle na 'ya'yanki. Kuma ƙarfin wari ba shi ne ingancin magani ba, da yawa daga cikin masu kyau ba su da wari sosai.

10. Ranar feshi.

A sa aikin da safe domin gida ya sha iska kafin dare. Ki fitar da abinci, tukwane, kwanuka, kayan wasan yara, buroshin haƙori da magunguna, ko ki ƙulle su a leda. A rufe randa, duro da bakin rijiya. Kowa ya fita, har kaji da tantabaru da kyanwa. Jarirai, masu juna biyu, tsofaffi da masu asma gara su wuni, in da hali su kwana, a gidan 'yan uwa.

Idan lokacin da aka ɗiba ya cika, babba ɗaya ya shiga ya buɗe ƙofofi da tagogi, ya kunna fanka, ya fito. Bayan iska ta ratsa, a wanke teburin girki da duk inda hannu ko abinci ke taɓawa da sabulu, a goge tsakar ɗakin da yara ke rarrafe. Gindin bango da lunguna kuwa a bar su kwanaki ba a wanke ba, domin nan maganin ke ci gaba da aiki.

11. Idan maganin ya bugi wani.

Alamomin su ne jiri, amai, zufa mai yawa, dalalar miyau, hawaye da sarƙewar numfashi. A fitar da shi iska, a cire kayan jikinsa, a wanke fatar da ruwa da sabulu, a nufi asibiti ba tare da jira ba. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai da ƙarfi, abin zai iya faɗawa huhu. Ki tafi da kwalbar ko takardar da aka rubuta sunan maganin, da ita likita zai san allurar da ta dace.

12. Bayan mako biyu, sake ɗaukar tocila.

Ki bi wuraren da kika ɗauki hoto a daren farko ki kwatanta. Ki ajiye takardar gam ɗaya bayan firji, ɗaya a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ki duba su da safe. A gado ki shimfiɗa farin zani, sabon tabo zai fito fili. Idan kin ga ƙananan 'ya'ya, ƙwai ne suka ƙyanƙyashe, ki kira mai feshin ya zo zagaye na biyu kafin ki ba shi cikon kuɗinsa.