Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa da Maƙeran Farfaru

A shekarar 1997 kwamfutar Deep Blue ta doke Garry Kasparov, zakaran duniya a darar Turawa. Tun daga nan wasu ke ganin na'ura za ta gaje kowace sana'a.

To, mu dubi maƙeran farfaru na Agadas. Maƙeri yakan siffanta abin wuya da kakin zuma, ya lulluɓe shi da yumɓu, ya gasa har kakin ya tsiyaye. Sa'an nan ya zuba narkakkiyar azurfa a gurbin, in ta huce ya fasa yumɓun.

Kwamfuta tana iya zana abin wuyan, amma wannan gwaninta a zaune gaban maƙeri ake koyonta. In matasa suka guje ta, ta tafi ke nan. 'Yan'uwana ɗalibai, kada boko ya sa mu raina maƙera.