Yadda Ake Zaɓar Laftof Don Injin Sassaƙa na CNC a Dutsin-Ma

Ƙaramin injin sassaƙa da ake kira CNC 3018 a kwali yake isowa, a wargaje, sai mai shi ya zauna ya ɗaure shi noti bayan noti. Filin aikinsa santimita 30 ne a tsawo, 18 a faɗi. Yana yanka suna a katako, ya fitar da tambarin shago a roba mai ƙyalli, ya yi wa murfin akwati ado. A Dutsin-Ma, inda Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011 da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita ke yaye ɗalibai, kuma ba a rabuwa da bikin karramawa da lambobin yabo, ba sai an gaya wa matashi abin da zai yi da irin wannan inji ba. To amma injin yana buƙatar kwamfuta, kuma wajen sayen kwamfutar ne mutane suka fi zubar da kuɗi a banza.

Kafin a taka zuwa kasuwa, a fara juya injin a duba bod ɗinsa, wato ɗan allon lantarkin da wayoyin motoci suke shiga. Shi zai faɗi irin laftof ɗin da za a saya, ba mai shago ba.

Yawancin ƙananan injinan nan suna zuwa da bod mai ɗauke da manhajar GRBL, wadda wani ɗan ƙasar Norway, Simen Svale Skogsrud, ya fara rubutawa a 2009, kuma kyauta ce. Motocin injin ba juyawa suke yi kamar fanka ba, taku-taku suke tafiya. A yawancin 3018 sai mota ta samu bugun lantarki 800 kafin bakin yanka ya gusa da milimita ɗaya. Idan ana yanka da saurin milimita 10 a daƙiƙa, bugu 8,000 ke nan a kowace daƙiƙa, kuma dole kowanne ya zo daidai kan lokacinsa. Wannan wahalar duka bod ɗin ne ke ɗaukarta. Aikin laftof kawai ta riƙa miƙa masa layukan umarni da ake kira G-code ta wayar USB, layi bayan layi, kamar yaron magini da ke miƙa bulo. Aiki ne da laftof mai shekara goma za ta yi tana hamma. Manhajojin da ke wannan aika, irin su Candle da Universal Gcode Sender, su ma kyauta ne, kuma ba sa cin ƙarfin kwamfuta.

Inda gizo ke saƙa shi ne idan bod ɗin na manhajar Mach3 ne mai faffaɗar kafa ta fil 25, irin wadda tsofaffin firintoci ke amfani da ita. A wannan tsarin kwamfutar ce da kanta ke fitar da bugun nan dubbai, kuma sai a kan Windows mai bit 32. Laftof ba ta dace da shi ba, domin an gina ta ne ta riƙa rage gudu don tattalin batir da sanyaya kanta, kuma duk ragewar da ta yi, taku ya ɓace, zane ya karkace. Wayar nan mai arha da ake sayarwa, USB a wannan baki, kafar firinta a wancan, ba ta magance komai. Don firinta aka yi ta. Mai irin wannan bod zaɓi biyu gare shi: ko ya nemi tsohuwar kwamfutar tebur mai wannan kafar, ko ya sayi na'urar da ke karɓe aikin bugun, kamar UC100 ko Ethernet SmoothStepper, sannan laftof ta shigo. Manhajar LinuxCNC ma haka take, ba ta cika jituwa da laftof ba.

Da an san bod, sai tambaya ta biyu: a ina za a yi zanen? Tura umarni daban, zana abin da za a sassaƙa daban. Mai rubuta sunaye da tambari a fili, manhajar Inkscape ta ishe shi, kuma laftof mai RAM gigabait 4 za ta ja ta. Mai son zana abu mai tudu da kwari zai koma ga FreeCAD ko Fusion 360, kuma a nan gigabait 8 ne mafi ƙaranci, 16 ya fi kwanciyar hankali. Akwai wani abin da masu ba da shawara daga Turai ba sa kawowa a ransu. Fusion 360 tana jingine da intanet, manhajar Easel kuwa a cikin burauza take zaune ɗungurungum. Wanda shagonsa ke Kurfi ko wani ƙauye a gefen madatsar ruwan Zobe, inda sabis ke zuwa yana tafiya kuma data da tsada, gara ya saba da manhajar da ke aiki ko babu intanet. FreeCAD da Inkscape sau ɗaya ake sauke su.

Sai kasuwa. Daga Dutsin-Ma wasu Katsina suke nufa ta hanyar Kurfi, wasu su wuce Kano, titin Beirut, inda shagunan kwamfuta suke jere. Sabuwar laftof mai arha, mai jikin roba sakayau, ba ita ce ta wannan aikin ba. Tsofaffin kwamfutocin ofis da ake shigowa da su daga waje sun fi ta ƙwari, kuma kayan gyaransu ba sa wuyar samu. Lenovo ThinkPad T480, Dell Latitude 5490 da HP EliteBook 840 G5 duk na wajejen 2018 ne. Abin lura shi ne Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida tana son firosesan Intel na zubi na takwas zuwa sama. Waɗannan ukun akan same su da na takwas, amma akwai masu na bakwai a cikinsu, don haka a karanta lambar da ido: i5-8250U na takwas ne, i5-7300U na bakwai. Wanda laftof ɗinsa ba za ta taɓa shiga intanet ba, sai dai ta zauna gefen inji, Windows 10 ba za ta hana shi komai ba.

A shago kada a ji kunyar cewa, "Alhaji, a ba ni wuri in gwada." Mai hankali yakan tafi da bod ɗin injin da wayarsa a aljihu, da Candle da direban CH340 a filashi, domin yawancin bod ɗin nan da wannan ɗan guntun suke magana da kwamfuta. A sa direban, a jona, a zaɓi gudun sadarwa 115200. Idan manhajar ta nuna ta ga bod, sai a kama kan wayar a ɗan girgiza shi a cikin ramin USB na laftof ɗin. Ramin da ya saki, wanda ke yanke magana da an taɓa shi, shi ne zai watsar da aikin awa uku saboda girgizar teburi. A gwada kowane rami, kuma a nemi mai ramuka faffaɗa aƙalla biyu, don kada a dogara da 'yan mahaɗai masu lilo. Daga nan a rubuta powercfg /batteryreport a wurin ba da umarni na Windows. Rahoton zai nuna ƙarfin batir na asali da wanda ya rage masa. Idan ya faɗi ƙasa da rabi, a sa kuɗin sabon batir a cikin ciniki. A tabbata faifan ajiya SSD ne, saboda tsohon faifai mai juyawa ba ya shiri da girgiza. A shiga BIOS a ga ba a kulle shi da kalmar sirri ba. Kyan fuska da siririn jiki da fitilar madannai, duk a bar wa masu kallon fim.

Maganar wuta ita ce ta fi kowacce nauyi a wannan yanki, kuma a nan laftof ta yi wa kwamfutar tebur fintinƙau, tunda da batirinta take tafe. T480 har batir biyu gare ta, na ciki da na waje, ana iya canza na wajen ba a kashe ta ba. Sai dai akwai tarko. A bod da yawa, ƙwaƙwalwar bod ɗin daga USB take shan wuta, motoci kuwa daga cajar volt 24. Idan KEDCO ta ɗauke wuta ana tsakiyar yanka, motoci za su tsaya cak, amma laftof na nan da rai, bod na nan da rai, layuka na ta wucewa a fuskar kwamfuta kamar ba abin da ya faru. Injin yana ganin ya kai ƙarshen suna, alhali bakin yana nan tsaye a harafi na biyu. Da wuta ta dawo, sai ya ci gaba daga inda ba nan yake ba, ya tsaga katakon, wani lokaci ya karya bakin. Saboda haka batirin laftof kaɗai ba ya ceton aiki. Injin da laftof duka a ɗora su a kan inbata. Abin bai kai yadda ake tsoro ba: cajar 3018 ta volt 24 da amfiya 5 wat 120 ce, cajar laftof wat 45 zuwa 65, jimilla ba su kai wat 200 ba, ƙaramin sola mai batir ɗaya zai riƙe su. Wanda ya ƙara 'yan makunnan iyaka a gefunan injin, zai iya mayar da shi gida ya gano inda ya tsaya.

Janareta kuma da nasa halin. Wutarsa da tartsatsin motar da ke juya baki sukan shiga wayar USB su tsinke sadarwa. Maganin farko gajeriyar waya ce mai kauri, wadda ba ta wuce mita ɗaya da rabi ba, mai ɗan kumburin nan a kusa da kai, kuma kada a ɗaure ta tare da wayar motar. Idan tsinkewar ta ci gaba, a zare cajar laftof a bar ta a kan batir a sake gwadawa. In ta daina, an kama ɓarawon, sai a nemi caja ta asali da soket mai waya ta uku da ke shiga ƙasa.

An kawo laftof gida, saura a hana ta barci. A shiga saitin wuta a kashe barcin gaba ɗaya, a kashe dabarar da Windows ke yi ta tsinke wa ramukan USB wuta don tattali, a saita rufe murfi ya zama ba ya yin komai. Lokacin aiki a kashe intanet, kada sabuntawar Windows ta sake kunna kwamfutar ana tsakiyar tambari. Kuma ba a cajin waya a jikinta, ko ta maigida ce.

Ƙura ita ce mai kisan mummuƙe. Garin katako, musamman na MDF, laushi gare shi kamar fulawa, ga kuma ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, sannan zafin Afrilu da kan haura digiri 40. Fankar laftof tana zuƙar duk wannan ta cusa a ciki. A ajiye ta a wani teburi dabam, sama da injin kaɗan, ta ɓangaren da iska ke fitowa ba inda take kai ƙurar ba. A ɗaga bayanta da 'yan katakai biyu don iska ta ratsa, a shimfiɗa leda mai laushi a kan madannai kawai, ban da ramukan iska. Duk 'yan watanni a kai wa mai gyara ya buɗe ya hure fankar. Mai yanka alminiyon ya ƙara nisanta ta, domin ɓarɓashin ƙarfe yana haɗa wuta.

Gwajin ƙarshe ba a katako ake yinsa ba. A ɗaga bakin sama yadda ba zai taɓa komai ba, a ɗora fayil mai tsawo, na awa ɗaya ko fiye, a kunna motar da ke juya baki, a bar injin ya yi ta yanka iska tun daga layin farko har na ƙarshe, sau ɗaya a kan wutar gari, sau ɗaya a kan janareta ko inbata. Idan ya kammala duka biyun bai tsinke ba, kuma bakin ya dawo daidai inda ya tashi, sai a ɗaure katakon farko. Idan ya tsinke, a koma kan waya, sannan rami, sannan caja, tun kwanakin da mai shago ya bayar na canji ba su ƙare ba.