Kwamfuta Ta Maƙale Bayan Sabuntawa? A Dakata da Fomatin

Darasin yau daga abin da ya same mu muka samo shi.

Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa manhajar Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Shi ya sa masu kwamfuta da yawa suke komawa Windows 11, wadda ta fito tun 2021. Mu ma muka bi sahu da 'yar kwamfutar ƙungiyarmu. Aikin ya yi nisa, ta kashe kanta ta sake tashi, sai ta tsaya cak. Ɗigo-ɗigon nan suna ta zagaye a kan baƙin allo, ba gaba ba baya. A cikinta kuwa akwai rubuce-rubucenmu na zango uku, da hotuna, da tambayoyin da 'yan aji shida suke gwaji da su kafin jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 da kwamfuta ake yin ta. Wani daga cikinmu ya ce a hau Keke Napep daga nan Tukur-Tukur zuwa PZ a yi mata fomatin kawai. Da mun bi shawararsa, da komai ya tafi.

Ga abin da ya kamata mu fara fahimta. In aka kunna kwamfuta, wata ƙaramar manhaja da ke jikin injin, mai suna BIOS ko UEFI, ita ke fara farkawa. Takan duba kayan ciki, sannan ta nemo inda Windows take ta miƙa mata ragama. Ita kuma Windows sai ta tashi direbobi, wato ƙananan manhajojin da take magana da allo da firinta da sauran kaya ta hanyarsu. In ɗaya ya ƙi amsawa, tafiyar ta tsaya. Amma yawanci fayilolinmu suna nan lafiya a ma'ajiyarsu. Ƙofa ce ta cije, kayan ɗaki ba su ƙone ba.

Mataki na 1: A yi haƙuri. Sabuntawa kan ɗauki sa'o'i, musamman a tsohuwar kwamfuta. A sa mata caja, a ba ta kamar awa biyu. In tana da 'yar fitilar ma'ajiya kuma tana ƙyaftawa, aiki take yi. Kashe ta a wannan lokaci shi ke jawo babbar ɓarna. Sauri ya haifi nawa.

Mataki na 2: A lura da inda ta tsaya, a rubuta a takarda. In a kan tambarin kamfanin da ya ƙera ta ne, ba ta ma kai ga Windows ba. In ɗigo-ɗigo sun fito, ta kai, matsalar tana wajen direba ko fayilolin sabuntawa. In shuɗin allo ne mai rubutu, a ɗauki hotonsa da waya.

Mataki na 3: A cire duk abin da aka jona mata, filashi, firinta, katin ajiya, a bar caja kaɗai. A danne maɓallin wuta na daƙiƙa 10 har ta mutu, sannan a kunna.

Mataki na 4: In ba ta tashi ba, a kunna ta, da zarar tambari ya bayyana a sake danne maɓallin har ta mutu. In aka yi haka sau biyu zuwa uku, za ta shiga ɗakin gyaranta da kanta. A zaɓi "Troubleshoot", sannan "Advanced options". A fara da "Startup Repair". In bai yi ba, a gwada "Uninstall Updates" don cire sabon abin da aka ɗora.

Mataki na 5: Daga wannan ɗaki ana iya shiga "Safe Mode" ta cikin "Startup Settings". A nan Windows kan tashi da direbobi kaɗan. In ta tashi, abu na farko shi ne a kwashe muhimman fayiloli zuwa filashi. Bayan haka a cire direba ko manhajar da ake zargi. Kuma akwai kwana 10 bayan sabuntawa da ake iya komawa tsohuwar Windows, muddin ba a goge jakar "Windows.old" ba.

A riƙa canza abu ɗaya a lokaci ɗaya. Wanda ya taɓa abu biyar a tare, ko ta gyaru bai san abin da ya gyara ta ba.

Tamu a mataki na 3 ta warware. Tsohuwar firintar da muka bari a jone ce ta riƙe ta. Muna zare wayar muka sake kunnawa, ta ƙarasa aikinta, ko fayil ɗaya ba mu rasa ba.

Rigakafi ya fi magani. Kafin a fara, a kwafe fayiloli a wani wuri. A tabbata batir na riƙe caji ko akwai janareto a kusa, don mun san halin wuta a garin nan. A kuma duba ko kwamfutar ta cancanta, domin Windows 11 tana buƙatar aƙalla RAM mai gigabait 4, ma'ajiya mai gigabait 64, da na'urar tsaro ta TPM 2.0. Yawancin tsofaffin kwamfutoci na hannu ba su cika waɗannan sharuɗɗa ba, kuma tilasta musu na iya jawo matsala nan gaba.

In an bi matakan duka ba ta tashi ba, sai a kai wa mai gyara, tare da takardar da aka rubuta abin da aka gani. A ce masa, "Malam, don Allah a fara ciro mana fayiloli kafin a goge komai."

Mai tambaya ya jefa ta a akwatin ƙungiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.