Kafin ka sayi ginseng a kasuwa

Duk mai cin kasuwa a Ƙaraye ko Rogo ya san motocin nan masu lasifika da ke tallar maganin basir da sanyi da ƙarfin maza. A 'yan shekarun nan wani sabon suna ya shiga bakin masu tallar, ya kuma hau kwalayen shayi da kofi da ƙwayoyin da ake sarowa daga Kano har zuwa shagunan ƙauyuka. Sunan shi ne ginseng, kuma a jikin kwalin za ka ga hoton wata saiwa mai rassa, sai ka ce mutum da hannu da ƙafa.

Saiwar dai gaskiya ce, ba zuƙi ta malle ba. Ba ta fitowa a ƙasarmu, domin sanyi da inuwa take so. Ana noma ta a Koriya da arewa maso gabashin Sin, akwai kuma 'yar'uwarta a Amurka da Kanada. Takan yi shekara 4 zuwa 6 a ƙasa kafin a tone ta, kuma wadda ake kira ja ita ce wadda aka turara sannan aka busar. Abin da ya daɗe haka a gona, ya kuma ƙetaro teku, ba ya araha. To in an miƙo maka ƙullin gari a leda a kuɗin da bai kai na kwanon dawa ba, aka ce ginseng ne, ka yi shakka. Akwai ma wasu tsirran da ake laƙaba wa sunan, na Saiberiya da na Indiya, alhali ba su ba ne.

Me take yi a jiki? Gwaje-gwajen da masana suka yi sun nuna tana iya ɗan rage gajiya, tana iya ɗan saukar da sukarin jini, kuma wasu maza sun ga ɗan sauƙi a raunin gaba. Ka lura da "ɗan" da nake ta maimaitawa. Hujjojin ba su da ƙarfi, kuma aikin nata a hankali yake zuwa, sai an yi makonni ana sha. Ba ta warkar da ciwon suga, ba ta warkar da hawan jini, balle basir.

Nan ne ainihin maganar. Idan ka sha kofin da aka ce na ginseng ne, kafin awa guda jiki ya motsa, fuska ta ɗau zafi, kai ya soma sarawa, hanci ya toshe, to ba saiwa ce ta yi wannan aikin ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sha gano sinadarin sildenafil, wato na ƙwayar Viagra, a ɓoye cikin kofi da zuma da ƙwayoyin da ake tallata su a matsayin na gargajiya zalla. Ba a rubuta shi a kwali, ba ka kuma san yawan da aka zuba ba. Ga mai ciwon zuciya da ke shan ƙwayar nan da ake sawa ƙarƙashin harshe in ƙirji ya riƙe, haɗuwar biyun na iya faɗar da jini har mutum ya sheƙa barzahu. Mai talla kuwa ya riga ya tada mota ya tafi wata kasuwar.

Ko da ta gasken ce ka samu, ba kowa ya dace ya sha ba. Mai ciki da mai shayarwa da yara su bar ta. Mai ciwon suga da ke kan ƙwaya ko allurar insulin kada ya fara sai ya yi magana da likitansa, don sukarin na iya faɗuwa ƙasa, musamman a watan azumi. Haka mai shan warfarin, maganin tsinka jini, domin ginseng na iya rage masa ƙarfi. Mai hawan jini ya riƙa aunawa. Wanda za a yi wa tiyata ya daina sha mako 2 kafin ranar, ya kuma gaya wa likita ba tare da jin kunya ba. Likitoci sun ji abin da ya fi wannan.

Illar da aka fi gani ita ce rashin barci, sai ciwon kai da ɓacin ciki da bugun zuciya. Saboda haka da safe ake sha, ba da dare ba. Mu kuma mutanen goro ne da shayi mai kauri, ga samari da lemon ƙara kuzari na gwangwani. In aka tara su duka a kan ginseng, ido biyu za a kwana. Yawan da aka saba amfani da shi a gwaji shi ne miligiram 200 zuwa 400 na tataccen a rana, ko giram 1 zuwa 2 na busasshiyar saiwa. Kada ka wuce abin da aka rubuta, kada ka haɗa da gagai ko wani haɗin maza don neman ƙari, kuma kada ka zarce 'yan watanni kana sha.

Wajen saye, je kantin magani mai rajista. Duba lambar NAFDAC, da ranar lalacewa, da sunan kamfani da adireshinsa, da kalmar Panax, wato sunan ginseng na gaske, a jerin abin da ke ciki. Amma ka sani, lambar da hukumar ke ba maganin gargajiya tana nuna an duba rashin cutarwarsa ne, ba wai an tabbatar yana warkar da duk abin da aka lissafa ba.

Gajiyar da ba ta ƙarewa da raunin gaba, suna iya zama alamun ciwon suga ko hawan jini. Ɗan'uwa, kafin ka kashe kuɗin amfanin gonarka a kan kwali mai hoton saiwa, je asibiti mafi kusa da kai a auna maka jini da suga.