Safar Matsi Don Ciwon Ƙafa da Kumburin Jijiya: Shawarwari Takwas ga Magidanta

Gidaje da yawa a unguwar Dakata da ke Kano abincinsu daga tsayuwa yake fitowa. Maigida yana gaban inji a Bompai tun safe, ko ya bi mota zuwa Sharada ko masana'antun fata na Challawa, uwargida kuma tana bakin kaskon awara ko kan keken ɗinki. Da yamma sai ka ji ana cewa ƙafa ta yi nauyi, idon sawu ya kumbura, wasu ma jijiyoyi sun fito ruɗu-ruɗu a sha-raɓa. A cikin jijiyoyin da ke mayar da jini zuciya akwai 'yan murafai masu hana shi komowa ƙasa. Idan suka saki, jini ya taru, jijiya ta buɗe ta murɗe. Safar matsi takan matse idon sawu sosai, ta riƙa sassautawa zuwa gwiwa, ta haka take taya jini hawa. Magani ce mai ƙa'ida, ga kuma yadda ake bi da ita.

1. A fara ganin likita. Safar nan ba ta kowa ba ce. Wanda jijiyoyin da ke kawo jini ƙafarsa suka tsuke, matsi zai ƙara toshe masa hanya, har yatsu su lalace. Alamarsa ita ce ƙafa mai sanyi, da ciwon sha-raɓa da ke tasowa in ana tafiya, ya lafa in an tsaya. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina jin taɓi, da mai ciwon zuciya mai tsanani, da mai gyambo ko ƙuraje masu ruwa, duk kada su sa sai an duba su. Asibitin Sir Muhammadu Sanusi da ke Yankaba na nan kusa, in kuma abin ya fi ƙarfin nan, akwai na Murtala da na Malam Aminu Kano.

2. A yi awo da sassafe. Kafin ƙafa ta kumbura, a ɗauko tef ɗin tela a auna wuri uku: zagayen ƙafa daidai saman idon sawu, zagayen sha-raɓa inda ya fi kauri, da tsawo daga diddige zuwa ƙasan gwiwa. A rubuta a takarda, a tafi da ita kantin magani. Kowace ƙafa a auna ta daban.

3. A duba lambar da ke jikin kwali. Ana rubuta ƙarfin matsi da mmHg, irin ma'aunin hawan jini. Mai 15 zuwa 20 ta isa ga gajiya da ɗan kumburi. Mai 20 zuwa 30 ita aka fi ba wa wanda jijiyoyinsa suka fito. Daga 30 zuwa 40 kuwa sai da umarnin likita. Safar 'yan ƙwallo ko ta gwanjo ba ta wannan aikin, domin bakinta na sama kawai take shaƙewa. Yawancin mutane mai tsayawa a gwiwa ta wadatar da su, ta kuma fi sauƙi a zafin bazara.

4. A sa ta kafin a fara zirga-zirga, a cire lokacin barci. A zura hannu ciki a kamo diddigen, a juyo ta bai-bai, a sa tafin ƙafa, sannan a riƙa jawo ta sama kaɗan-kaɗan ana lailaye ta. A cire zobe, a yanke farce. Ta tsaya kamar faɗin yatsa biyu ƙasa da lanƙwasar gwiwa. Kada a naɗe bakinta, domin naɗin zai zama ɗauri ya datse jini. Mai aikin dare ya sa ta in ya tashi barcin rana.

5. A yi tanadin alwala. Malaman Malikiyya sun taƙaita shafa ga huffi na fata, don haka mai salla zai buƙaci wanke ƙafa. A nemi safa mai buɗaɗɗen baki wadda yatsu ke waje. Ita ana iya janye ta sama da idon sawu, a wanke, a tsane ƙafar sosai, a mayar da ita nan take.

6. A kula da fata da safar. Da hunturu fata kan bushe, kaushi da faso kuma suna yaga zaren. A shafa man kaɗanya ko basilin da dare bayan an cire, domin maiƙo yana kashe robar. A wanke da hannu da sabulu mai sauƙi, a shanya a inuwa, ban da guga. Mai hali ya sayi biyu yana musanyawa. Bayan wata uku zuwa shida ƙarfinta yakan ragu, sai a sake.

7. A taimaka mata da motsi. A bakin aiki, a riƙa yin ɗage ana saukowa sau goma ko ashirin, domin tsokar sha-raɓa ce ke tura jini sama. In an dawo gida a kwanta a ɗora ƙafa kan matashi ta fi ƙirji tudu na minti 15 zuwa 20. Mai juna biyu ta tambayi ungozoma ranar awo, galibi jijiyoyin kan lafa bayan haihuwa.

8. A san lokacin garzayawa asibiti. In yatsu suka yi sanyi, suka canza launi ko suka mutu, a cire safar nan take. In ƙafa ɗaya ta kumbura farat ɗaya da zafi da zogi, mai yiwuwa jini ne ya daskare a ciki: kada a yi tausa, a tafi asibiti a ranar, balle in numfashi ya fara sarƙewa. Kada a bari wanzami ya yi tsaga ko ƙaho a kan jijiyar da ta kumbura. In ta fashe, a kwantar da mutum, a ɗaga ƙafar, a danne wurin da tsumma mai tsabta.

Safa tana rage nauyi da kumburi, amma ba ta mayar da jijiyar da ta riga ta buɗe yadda take a da. Wanda fatar ƙwaurinsa ta fara baƙi ko ta yi tauri, ya tambayi likitan tiyata game da allura ko aiki tun gyambo bai ɓulla ba.